Fulogan Malam Buba

Ku da kuka cika mini benci kuna cewa aikin fulogi ba aiki ba ne, a kwance tsoho a ɗaura sabo shi ke nan, to ku gyara zama. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa ko mai shayi ya iya canza fulogi. Gaskiyarsa, ya iya. Ya iya cirewa, ya iya sawa. Abin da bai iya ba shi ne ya dubi wanda ya cire ya gaya maka abin da ke damun motar, kuma nan aikin yake. Ni Garba na shekara arba'in da ɗoriya ina sana'ar nan a Gwarzo, tun motoci duk masu kafireta ne, kuma har gobe ban yarda akwai wanda zai zo ya raina mini ita a inuwar garejina ba.

Abin da maigidana ya fara miƙa mini ranar da aka kai ni koyo ba sifana ba ce. Guntun katako ne mai huda huɗu a jere, an zana ɗaya, biyu, uku, huɗu da ƙusa. Oga Bitrus sunansa, mutumin Filato, koyarwa ce ta kawo iyayensa nan, shi kuwa ya ƙi alli ya kama baƙin mai. Dokarsa ita ce duk fulogin da ya fito daga inji ya shiga hudar da ta dace da ɗakin injin da ya fito, na gaba a ɗaya, na can ƙurya a huɗu. Ran nan na kwance na wata tasi na zube su wuri guda a ƙasa, ina sauri in je in ci abinci. Bai zage ni ba. Ya tsince su ya zuba mini a tafin hannu, guda ɗaya a ciki jiƙe sharkaf da mai, ya ce in gaya masa daga wane ɗaki jiƙaƙƙen ya fito. Sai da na mayar da su duka, aka bar motar ta yi aiki, aka sake kwancewa a tsanake, abincin nawa kuwa kaji suka yi walima da shi.

A wurinsa na koyi cewa baƙi iri biyu ne. Akwai baƙi busasshe irin na gindin tukunya, ka shafa da yatsa ya fita kamar gari, ka sansana ka ji fetur. Wannan injin ya ci fetur fiye da iskar da yake samu, sai ka nufi kafireta, ko matatar iska, ko cok, wato abin nan da ake ja da safe don mota ta tashi da sanyi. Akwai kuma baƙi jiƙaƙƙe mai ƙyalli, ya manne maka a yatsa. Wannan baƙin mai ne yake hawa inda bai kamata ba, ringi ya cinye ko bawul ya saki, maganarsa sai an sauke inji. Idan ka ga fari fat, injin ƙishi yake ji, zafi zai kashe shi. Lafiyayye launin ɓawon gyaɗa gare shi. In guda ɗaya ne ya baƙe a cikin huɗu, ka bi wayarsa da ɗakinsa. In duka huɗun ne iri ɗaya, abin da suke tarayya a kai za ka nema. Kuna dariya don kun ga magana ce ta minti biyu. To tsakanin baƙin nan biyu na ga an raba mutum da motarsa, shi ya sa zan ba ku labarin Malam Buba.

A shekarar da mai ya yi wuya ne. Gidajen mai duk a kulle, sai 'yan bumburutu a bakin titi da jarkoki, wasunsu kuma ba su jin tsoron Allah, kananzir suke haɗawa. Motoci suka kwanta a ƙofar gidaje, garejin nan ya zama wurin barcin awaki. Motar da ta lallaɓo ta zo, fulogi baƙi ƙirin, mai ita kuma kai zai fara zagi, wai ba ka iya aiki ba. A shekarar ce wasu abokan sana'armu suka koyi sauke lafiyayyen inji, don shi ne aiki mai tsoka. Ban ce muku ni waliyyi ba ne, yunwar ta taɓa ni kamar kowa, amma ban taɓa kwance kan injin da fulogi bai ce in kwance ba. 'Yan gwangwan kuwa, masu sayen matattun motoci su yayyanka su auna ƙarfen, kakarsu ta yanke saƙa, ƙauye-ƙauye suke bi.

Malam Buba mutumin Unguwar Tudu ne. Kakanninsa makiyaya ne, su kuma sun zauna suna noma da ɗan kiwo. Da kiwon ya fara gagara, gonaki sun cinye burtali, sai ya lallashi yayansa, Malam Sambo, aka sayar da kusan duk shanun da ubansu ya bar musu, aka bar uku, ya sayi tsohuwar akori-kura. Da ita yake kai matan unguwa da ƙwaryoyin nononsu kasuwa, ya ɗebo wa mutane hatsi da taki. Da ita gidansu duka yake ci. Tun ranar da aka saye ta Malam Sambo yake cewa an ba da mai numfashi an karɓo gawa.

Zuwansa na farko, ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar shanu da ruwa da mutanen gida, sannan ya ce motar ba ta kwana uku sai ta fara tari, tana jijjiga, tana baƙin hayaƙi, daga nan ta ƙi tashi. Wani direba ya nuna masa yadda ake kwance fulogi a goge, in ya goge ta tashi, bayan kwana uku a koma gidan jiya. Na ɗauko katakona na buɗe bonet na kwance su. Wallahi ƙyalli suke kamar daga kwali aka ciro. Ashe a hanya ya tsaya ya wanke su da fetur, ya dirje da toka da yashi yadda matansu suke wanke ƙwarya. Na ce masa, Malam Buba, ai ka share mini sawun ɓarawo. Ya ce shi dai ya ga ba a kawo wa mutum ƙazanta har wurin sana'arsa.

Na bi sauran hanyoyin. Na kwance kafireta na wanke na busa, ba abin da na gani. Matatar iska garau. Wayoyi da kwantak suna ba da wuta shuɗiya mai ƙara. Na toshe ramin kowane fulogi da babban yatsa aka murza makulli, iska ta ture yatsan da ƙarfi a duka huɗun, alamar ringi da sauransa. Na zaro sandar awon baƙin mai, bai ragu ba. Na sansana fetur ɗinsa ko na 'yan kananzir ne, ba shi ba ne, Malam Buba ya gwammace ya wuni a layi da ya ba ta gurɓatacce. Na hau na zaga gari da ita, lafiyarta ƙalau a hannuna. Na sallame shi da gargaɗin kada ya ƙara taɓa fulogi, yadda suka baƙe haka zai kawo mini su.

Ya dawo bayan mako, wani direba ya jawo shi da igiya, fulogan kuma suna cikin 'yar ƙwarya an rufe da faifai. Ya rantse bai wanke ba, gogewa kawai ya ɗan yi da gefen rawani. Ga su a cakuɗe, ga su fes. Raina ya ɓaci har na ɗaga masa murya, abin da ban saba yi wa dattijo ba. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, hannunsa ne ya ƙi. Zuwa na uku ma haka aka yi. Mutumin nan kunya ce ba za ta bar shi ya miƙa maka abu da dauɗa ba, ko da dauɗar ita ce abin da kake nema.

Ana nan sai Malam Sambo ya gaji. Ya sa aka kai motar wurin wani bakanike a Kabo, ba zan kama suna ba, ya riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ga tsohuwar mota da baƙin hayaƙi ya yanke hukunci, wai injin ya gama, yana shan mai, gyaransa ya fi ƙarfinsu. Malam Sambo ya ce to tun da sauran abin da za a tsira da shi a sayar wa 'yan gwangwan, ko 'yan maruƙa biyu a samu a mayar garke. Shi ne babba, magana tasa ce. Malam Buba ya zo mini a kan keke ya gaya mini an yi da mai saye ranar kasuwa, jibi ke nan, a nan Gwarzo za a haɗu. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce dai ya zo ya yi mini godiyar wahalar da na sha.

Na ce ya koma gida, ya ɗaura fulogansa, ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba. Ranar kasuwa zan zo da sassafe, kuma ba motar zan duba ba. Tunda a hannuna tana lafiya a hannunsa tana ciwo, na ga lokaci ya yi da zan daina kallon ƙarfe.

Na isa Unguwar Tudu rana ba ta gama fitowa ba. Na tarar da motar a ƙarƙashin rumfar kara, an lulluɓe mata bonet da buhuna. Malam Buba ya yaye buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi bismilla, ya ja cok har ƙarshe, ya tayar da ita. Ina jira ya mayar da cok ɗin ya hau, sai na ga ya juya ya tafi wurin shanunsa uku. Ya ba su dusa, ya tsaya aka tatsa, ya kawo mini koko, muka sha, motar na can tana gurnani ita kaɗai, hayaƙi baƙi yana kwanciya a ƙasa. Fiye da rabin sa'a. Na tambaye shi me take jira. Ya ce ai ba a tashin dabba daga kwance a ɗora mata kaya, sai ta miƙe ta warware jiki. Na ce fetur fa, a wannan shekarar? Ya ce mai kiwo ba ya ƙirga ciyawa.

Mata suka hau baya da ƙwaryoyinsu, ni na zauna gaba, muka kama hanya. Jama'a, ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Masu keke suna wuce mu suna gaishe mu. Da injin ya ɗan ɗaga murya sai ya janye ƙafa daga totur, ya jefa babbar giya tun motar ba ta yi nisa ba, tana ta kakari a ƙasa-ƙasa. Cok ɗin ma rabi ya mayar, wai akwai sauran sanyi. Ya ce nono ba ya son girgiza, wannan gaskiya ne, amma ko da muka hau kwalta haka ya ci gaba, don ba ya son ya ji tana kuka. Duk inda aka tsaya ɗaukar wata, gaisuwa ta yi tsawo, motar na kunne, don a ganinsa kashewa da tayarwa sau da yawa zalunci ne. Kafin mu sauke matan a kasuwa ta fara tari. Da ɗaki uku muka ƙarasa garejin nan, tana ɗingishi.

Malam Sambo yana zaune a kan bencin da kuke kai yanzu, da sandarsa a kafaɗa, ɗan gwangwan na gefensa har ya zo da mai jan mota. Masu shago da direbobi sun taru, kun san Gwarzo da son kallo. Malam Buba ya miƙa hannu zai buɗe bonet, na riƙe masa hannu na ce yau ko inuwarsa kada ta faɗa kan fulogi. Na kwance su da zafinsu na jera a katako, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Duka baƙi ƙirin, duka iri ɗaya. Na shafa yatsa a na farko, ya fito da gari busasshe, na hure ya tashi. Haka na biyu, haka sauran. Babu ɗigon mai ko ɗaya.

Na ce wa Malam Sambo injin nan ba abin da ya same shi. Fulogi sai ya yi zafi sosai yake ƙone dauɗar kansa, wannan motar kuwa tun da ta zo hannun ƙaninsa ba ta taɓa yin zafin kirki ba, fetur take ta ci a tsaye. Ɗan gwangwan ya yi dariya ya ce duk bakanike haka yake faɗa in yana son a ci gaba da kawo masa gawa yana shafawa. Wani direba ya ce Garba dai da taurin kai, an ce inji ya mutu ya ce yana numfashi. Malam Sambo ya ce shi bai san baƙi busasshe da jiƙaƙƙe ba, abin da ya sani shanun ubansu sun tafi, kuma ba zai zauna yana kallo sauran ma su bi hayaƙi ba.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki fulogan nan yadda suke, ban goge ba, ban hure sauran ba, na mayar da kowanne ɗakinsa a gaban kowa. Na ce, “Baba Sambo, ka ba ni ita zuwa Kabo in dawo. In na kwance ka ga baƙi, ni da hannuna zan yanka ta in ɗora wa mutumin nan a mota, kuma ba za a ƙara ganina da sifana a garin nan ba.” Ya ce ba a hana mutum ya gwada, amma Buba ya bi ni, don a gaban mai abu ake yi.

Da ƙyar ta tashi. Na tura cok ciki gaba ɗaya, muka fita gari tana tari tana harbi ta salansa. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi, don fulogin da ya baƙe da yawa wani lokaci ba ya farfaɗowa, kuma na riga na saki baki a gaban mutane. Da muka bar gidaje na riƙe ta a giya ta biyu na taka totur har ƙasa. Ta yi wata ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Malam Buba ya dafe gaban motar da hannu biyu yana salati. Na sa ta uku na sake takawa. Ya ce, “Malam Garba, ka ji tsoron Allah, ba ta yi maka komai ba.” Ban kula shi ba. Muna cikin haka sai na ji ɗakin da ya mutu ya kama, ya saki, ya sake kamawa, sitiyari ya daina rawa a hannuna. Kafin mu hango Kabo muryarta ta zama ɗaya, hayaƙin ya ɗauke. Ban tsaya ba, na juya na dawo da ita da irin gudun da na je. Malam Buba ya kau da kai yana kallon gonaki, yana share ido da gefen rawani.

A bakin garejin na kashe ta nan take, don kada ta tsaya a kunne ta ɓata mini shaida. Na kwance da tsumma, suna ƙona hannu, na jera a katako na ajiye a gaban Malam Sambo. Akwai sauran baƙi a gefen zaren, amma bakin kowanne, inda wuta ke tashi, ya koma launin ɓawon gyaɗa. Direban da ya ce ina da taurin kai ya leƙa ya ja da baya. Malam Sambo ya ɗauki guda ya juya shi a rana yana dubawa yadda suke duba haƙoran bijimi a kara. Ya tambaye ni me na zuba mata, na ce ba komai. Me na canza, na ce ba komai. Gudu kawai? Na ce gudu kawai.

Ya ajiye fulogin a hudarsa, ya juya wurin ƙaninsa. Ya ce, “Ashe ba ciwo gare ta ba, Buba. Ɗaure ta ka yi. Kai da aka haifa a ruga, wace saniya ka taɓa gani ta yi lafiya a turke?” Daga nan ya ba ɗan gwangwan haƙuri ya ce ya tafi da mai jan motarsa, ba ta sayarwa ba ce.

Da mutane suka watse na zaunar da Malam Buba na yi masa karatu. Cok minti biyu ya isa. In zai yi doguwar gaisuwa ya kashe ta. Na canza masa fulogai zuwa masu saurin ɗaukar zafi, saboda tafiyar nono dole a yi ta a hankali. Sannan ko sau ɗaya a mako, in ya sauke kaya, ya hau kwalta ya taka ta har ta yi kuka. Ya ce na farko ya ji, na biyu ya ji, na uku ya gode. Na huɗun ne ya ce ba zai iya ba, bai taɓa dukan abin da yake ciyar da shi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Na ce to za ta koma gidan jiya, yayansa kuma ba zai saurare ni karo na biyu ba. Ya tashi ya tafi yana murza makullin a hannu.

Mako na zagayowa, ranar kasuwa, bayan ya sauke matan, sai ga shi a bakin garejin. Haka ya yi ta yi duk mako shekara da shekaru, kuma har motar ta bar hannunsa ba a taɓa kwance ƙusa ɗaya a kan injin nan ba. Ranar farkon ce dai ba na mantawa. Ya fito ya shafa bonet ɗin, ya kama hannuna ya sa mini makulli ya dunƙule, ya ce, “Malam Garba, ka yi mata abin da za ka yi, amma ka bari sai ka yi nisa, kada in ji.” Ya zaga bayan katanga ya zauna ya ba titi baya. Ni kuwa na fita da ita a hankali, da tafiyarsa, sai da na wuce gidan ƙarshe na garin sannan na taka.